Bishop Samuel Ajayi Crowther: Ɗalibin Da Bai Taɓa Ajiye Allonsa Ba

A shekara ta 1827, ƙungiyar mishan ta CMS, ta Ikkilisiyar Angalikan, ta buɗe wata 'yar ƙaramar makaranta a bakin teku, a wurin da ake kira Fourah Bay, kusa da birnin Freetown na ƙasar Saliyo. Nufinta shi ne ta horar da malamai da masu bishara daga cikin 'yan Afirka. Sunan da ya zo na farko a rajistar makarantar shi ne Samuel Crowther, wani saurayi Bayarabe wanda bai cika shekara 20 ba. Shekaru 5 kafin nan, yana cikin jirgin bayi, bai san ko harafi guda ba. Wannan ɗalibi shi ne baƙar fata na farko da Ikkilisiyar Angalikan ta naɗa bishop, kuma wannan kam sananne ne. Abin da ba a cika gaya wa yara ba shi ne sau nawa aka mai da shi baya, ya sake ɗaura ɗamara ya fara daga tushe.

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, a yankin da yau yake cikin jihar Oyo. Zamani ne na tashin hankali. Daular Oyo tana wargajewa, garuruwa suna cin junansu da yaƙi, a bakin teku kuma fatake suna jiran duk wanda aka kamo. Wata safiya a farkon 1821, mata suna cikin girkin karin kumallo, sai mahara suka kewaye garin. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa gamayya ce ta mayaƙan Oyo Musulmi, da Fulani, da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. Mahaifinsa ya shigo gida ya umarci iyalin su gudu, ya koma bakin daga, daga ranar nan ba a ƙara ganinsa ba. Kafin rana ta faɗi an ƙone garin, an zura wa Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu igiya a wuya.

Da aka zo rabon ganima, sai aka raba su. Wanda Ajayi ya faɗa hannunsa ya musanya shi da doki. Bayan wata biyu dokin bai gamshe shi ba, ya mai da dokin ya karɓo yaron. Allah ya sa aka kai shi garin da mahaifiyarsa take tare da jaririyar ƙanwarsa, ya sami kamar wata uku yana ganinsu. Wata maraice aka ce ya raka wani mutum karɓo kuɗi a wani gida, yana shiga sai ya tarar da mutane cikin mari, aka haɗa shi da su, gari na wayewa aka nufi kasuwa. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, ana yin kudu da shi, ana musanya shi da taba da barasa da sauran tarkace. Ya ji labarin fararen mutanen da ke bakin teku, tsoronsu ya cika shi har ya daina cin abinci. Ya rubuta cewa ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa da ɗamararsa, amma ƙarfin hali ya kasa masa. Iyaye su lura da wannan: mutumin da ake yabo saboda begensa, akwai ranar da begen ya ƙare masa ƙaƙaf, kuma bai ɓoye ba sa'ad da ya girma.

A Ikko, wato Legas, aka sayar da shi ga fataken Fotugal. Gaskiya ɗaya ce a nan, ko da ba ta da daɗin ji: waɗanda suka kama shi suna kiran sunan Allah, waɗanda suka saye shi kuma daga ƙasar da ake kira ta Kirista suka fito. Ciniki ne da ya ƙazantar da hannuwa da yawa. A watan Afrilu na 1822 aka loda shi tare da mutane fiye da 180 a wani jirgi mai suna Esperança Feliz, wanda ma'anarsa da harshen Fotugal ita ce bege mai daɗi. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙin Ingila, waɗanda ke sintirin hana fataucin bayi, suka tare shi. Yaran ba su san ceto ne ya zo ba. Da Ajayi ya hau jirgin Ingila ya ga naman alade a rataye, ya ga harsasan igwa masu kama da ƙwallo a jere, sai ya ɗauka naman 'yan'uwansa ne da kawunansu. Sai da ya ga kofato a jikin naman hankalinsa ya kwanta.

Sisin kwabo da allon baƙaƙe

A watan Yuni na 1822 aka sauke su a Freetown. Saliyo a lokacin matattara ce ta 'yantattun bayi daga ko'ina: Yarbawa, Ibo, Nufawa, Barebari, Hausawa da sauransu, har wani masani daga baya ya tattara kalmomin harsuna fiye da 100 ba tare da ya bar yankin ba. Aka kai Ajayi ƙauyen Bathurst, hannun wani malamin mishan mai suna Davey da matarsa. Ana ba da labari cewa tun kwanakin farko ya roƙi sisin kwabo ya sayi katin baƙaƙe na kansa, domin awoyin makaranta ba su ishe shi ba. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, aka sa shi yana koya wa 'yan'uwansa. Ya kuma koyi aikin kafinta a wurin wani ɗan mishan mai suna Weeks, sana'ar da ta amfane shi ƙwarai daga baya, lokacin da ya zama dole ya gina makarantu da ɗakunan sujada a inda babu magini.

Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, wani limamin ikkilisiya a Landan wanda ke cikin kwamitin CMS. Sunansa na gida bai yar ba. A 1826 ya yi 'yan watanni a wata makaranta a Islington, cikin Landan, ya dawo ya shiga Fourah Bay. Bayan karatu ya yi aikin malanta a ƙauyuka, sa'an nan ya koma Fourah Bay a matsayin mai koyarwa, yana koyon Helenanci da Latin a gefe. Ya auri Asano, wadda ita ma daga hannun masu fataucin bayi aka ƙwato ta, aka yi mata baftisma da suna Susan. Sun zauna tare kimanin shekara 50.

Akwai darasi guda daga waɗannan shekaru wanda ya bi shi har tsufansa. Yana malamin makaranta, ya ga wani yaro ɗan Musulmi da laya a wuya, sai ya tsinke ta. Uban yaron ya zo a fusace. Matashin malami, da zafin jini da karatu a ka, ya nemi a yi muhawara, ya shirya ayoyinsa tsaf, ga Littafi Mai Tsarki, ga fassarar Alƙur'ani ta Turanci. Da dattawan suka hallara, suka tsaya a kan abin da suka gaskata, ba su matsa ko taki ɗaya ba, aka watse kowa da nasa. Crowther ya gane cewa kayar da mutum a magana ba shi ne samun zuciyarsa ba, kuma wanda ka fara da wulaƙanta shi ba zai buɗe maka kunne ba. Daga nan ya canza hanya. Ya zama mai saurare, mai amsa tambaya da nassi kawai, ba zagi ba gori.

Kogin Kwara

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau kogin Kwara, su ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina sayar da mutane, a koma noma da halattaccen ciniki. CMS ta haɗa su da mutum biyu: Rabaran J. F. Schön, Bajamushe, da Crowther. Tafiyar ta zama makoki. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawa fiye da 40, gonar gwaji da aka buɗe a inda Kwara da Binuwai suka haɗu ta watse. Amma abubuwa biyu sun fito daga cikinta. Na farko, Schön ya ga yadda Hausa ke tafiya a kasuwannin kogin, ya duƙufa a kanta, ya buga littafin kalmominta a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876. Na biyu, littafin tafiya da Crowther ya rubuta ya nuna wa shugabannin CMS cewa aikin nan 'yan ƙasa ne za su iya ɗaukarsa. Aka kira shi Ingila, aka naɗa shi dikin a watan Yuni na 1843, firist kuma kafin shekarar ta ƙare. A wannan shekara aka buga littafinsa na kalmomi da nahawun Yarbanci.

A 1846 ya isa Abeokuta tare da Henry Townsend don kafa mishan. Bai yi wata guda ba sai aka kawo masa labari cewa akwai wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da ke neman ɗanta. Afala ce, mahaifiyarsa. Shekara 25 ke nan rabonsu. Suka riƙe juna, baki ya kasa magana, sai hawaye. Ya sake saduwa da ƙannensa ma. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma, ta ɗauki suna Hannatu, kuma duk mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san dalili: Hannatu ce uwar Sama'ila.

A 1851 ya gana da Sarauniya Biktoriya da mijinta a fadar Windsor, ya bayyana musu halin da Ikko ke ciki, ya karanta musu Addu'ar Ubangiji da Yarbanci. A ƙarshen shekarar jiragen Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko. Kasuwar bayin da aka sayar da shi a cikinta ta karye, amma ta wannan ƙofa ce mulkin mallaka ya shigo, domin a 1861 Ingila ta haɗiye garin. Crowther ya yarda da alherin Ingila fiye da yadda Ingila ta cancanta, kuma ya ɗanɗana sakamakon haka a ƙarshe.

Ya sake hawa kogin a 1854 tare da Dokta William Baikie, suka shiga Binuwai da nisa. A wannan karon kowa ya riƙa shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. A 1857 aka kafa Mishan na Kwara a ƙarƙashinsa, ma'aikatansa duka 'yan Afirka, yawancinsu 'ya'yan 'yantattun bayi daga Saliyo. Ya ajiye Rabaran J. C. Taylor a Anacha, ya ci gaba arewa. Kusa da Jabba jirginsu mai suna Dayspring ya bugi dutse ya nutse. Suka yi kusan shekara guda a bakin kogi suna jiran wani jirgi. Wani zai ƙirga wannan shekara cikin asara. Crowther kuwa ya mai da sansanin makaranta, ya zauna da masunta da fatake yana rubuta kalmomin Nufanci. Daga nan littafin koyon karatun Nufanci ya fito a 1860, nahawu da kalmomi a 1864, bayan na harshen Ibo da ya riga ya fitar a 1857.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi irin aikin, domin shi ne zuciyar mutumin. A zamanin da masana a Turai ke gardama ko baƙar fata cikakken mutum ne, shi yana zaune a gindin bishiya yana tambayar tsofaffi ma'anar karin magana. Ba ya ɗaukar kalma daga bakin mutum ɗaya. Yakan saurari masu bautar gumaka, ya saurari malaman Musulmi, ya ji yadda kowa ke kiran zunubi da gafara da hadaya, kafin ya zaɓi wadda za ta shiga fassara. Ya nace a sa alamun karin sauti a rubutun Yarbanci, abin da mai jin Hausa zai gane amfaninsa nan da nan in ya tuna cewa wuya ta jiki da wuya ta wahala rubutunsu ɗaya ne, murya ce kaɗai ke raba su. A wurinsa, harshen da uwa ta yi wa ɗanta rarrashi da shi ya isa ya ɗauki Maganar Allah. A Disamba 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, ta haɗa da takardun kalmomi da karin magana da ya yi shekara 11 yana tarawa, da fassarorin da bai kai ga bugawa ba. Ya haura shekara 50 a lokacin. Ya sami sabuwar takarda ya sake farawa. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki na Yarbanci a 1884, shi ne jagoran aikin.

Sakataren CMS, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa ikkilisiyar kowace ƙasa ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Shi ya matsa a naɗa Crowther bishop, ko da yake Crowther ya yi ta nuna ba ya so, Townsend abokin aikinsa kuma ya fito fili ya ƙi. Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi a babban majami'ar Kantabari, Jami'ar Oksfod kuma ta ba shi digirin dokta. Cikin taron akwai Henry Leeke, kyaftin ɗin jirgin da ya cece shi shekara 42 baya, da gwauruwar Weeks wadda ta san shi tun yana koyon baƙaƙe. Sai dai an yi wa naɗin gyaran fuska: Turawan mishan da ke Ikko da Abeokuta ba a sa su ƙarƙashinsa ba.

Aikinsa a Arewa ya fi abin da yawancin masu bi suka sani. A Gbebe, kusa da mahaɗar kogunan, aka yi baftisma ta farko a 1862. Tashar Lakwaja ta biyo baya a 1865. Ya riƙa zuwa Bida yana gaishe da Etsu Masaba da ladabin da ya dace da sarki, yana kai kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. A farkon shekarun 1870 ya bi ta Ilori, Sarki ya tara malamai suka yi masa tambayoyi masu nauyi a kan Almasihu, ya buɗe littafi ya karanta musu amsa, aka rabu da mutunci. Amanar da ya gina ta kai ga cewa a shekarun 1880, da barasar Turawa ta addabi ƙasar Nufe, Etsu Maliki ya aika da wasiƙa yana roƙon Crowther ya kai kuka wurin Sarauniya a hana shigo da ita. Sarki Musulmi ya ga bishop ne zai iya ɗaukar masa wannan kaya. Hanyar ba ta rasa ƙaya ba: a 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi da ɗansa Dandeson kusa da Idah yana neman fansa, kuma wani jami'in Ingila mai suna Fell ya rasa ransa da kibiya mai dafi wajen ƙwato su.

Gwajin ƙarshe

Venn ya rasu a 1873, iska kuma ta juya. Kamfanonin Turawa suka mamaye cinikin kogin, ba sa son ganin 'yan Saliyo, ko fatake ko fastoci. Mishan ɗin kansa yana da rauninsa, ba a musun wannan. Tashoshi suna nesa da juna, kuɗi kaɗan ne, bishop ba shi da jirgin kansa sai a 1878, shi ma aka damƙa shi a hannun Bature. Waɗansu ma'aikata sun faɗa cikin ciniki da sha da lalata, har an sami mummunan laifin kisan wata yarinya a Anacha. Crowther mutum ne mai jinkirin hukunci, wanda ya fi son ya jawo mai laifi ya gyara shi da ya kore shi. Ana iya cewa sanyinsa ya yi yawa. Amma wanda aka taɓa yi wa kuɗi da doki ba ya saurin cewa wani ɗan Adam ba shi da sauran amfani.

A 1890 waɗansu matasan 'yan mishan suka iso daga Ingila, masu ƙwazo da ƙarancin haƙuri. Biyu daga cikinsu, J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke, sun zauna a Lakwaja suna sa riga da rawani, da burin shiga ƙasar Hausa. A taron kwamiti da aka yi a Anacha a watan Agusta na wannan shekara, aka tsige ko aka dakatar da yawancin ma'aikatan Afirka, aka dakatar da Dandeson, wanda shi ne babban dikin, a gaban mahaifinsa. Samari da ba su kai jikokinsa ba suka ƙwace ikon bishop a idonsa. Tsohon, mai shekara 80 da ɗoriya, bai ɗaga murya ba. Ya sauka daga shugabancin kwamitin, ya rubuta wa Landan bayaninsa cikin natsuwa, ya koma wurin ikkilisiyoyin bakin teku yana shirya yadda za su tsaya da ƙafafunsu. A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar jiki ya buge shi. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891.

Robinson ya riga shi rasuwa a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi a 1892, ba wanda ya taka Kano a cikinsu. Ɗan'uwan Robinson, Charles, shi ya kai Kano a 1894, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa; cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Ikkilisiyoyin bakin teku sun kafa nasu tsarin mai cin gashin kansa a 1892 ƙarƙashin Dandeson. Kujerar Crowther kuwa Bature aka ba, 'yan Afirka suka koma mataimaka, aka yi kusan shekara 60 kafin a sake ba ɗan ƙasa cikakkiyar dayosis. Jikansa ta wurin 'yarsa Abigail, Herbert Macaulay, ya zama ɗaya daga cikin iyayen gwagwarmayar neman 'yancin Nijeriya. A 2014, shekara 150 da naɗin, Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka keɓe Crowther ya nemi gafara a fili saboda abin da aka yi masa.

Kabarinsa yana harabar majami'ar Christ Church a Legas, inda aka mai da ƙasusuwansa daga maƙabartar Ajele a shekarun 1970. A garin Oyo akwai jami'a mai sunansa tun 2005. A Lakwaja kuwa, makarantar firamare ta Holy Trinity, wadda ta tsiro daga tashar da ya kafa a 1865, ita ake ɗauka a matsayin makarantar boko mafi daɗewa a Arewacin Nijeriya.